Rasuwar Ta-Jado, Wayar da Ta Kira Suna Sau Ɗaya

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika ta har baki, iyalan marigayi Malam Gambo na garin Kona, a ƙasar Tasawa, ta bakin ƙaninsa Na Allah, suna sanar da dangi da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli abin da take nunawa, rasuwar wayar salular ɗiyarsu Mardiya, wadda aka fi sani da Ta-Jado. Ta rasu da safiyar Talata, a tsakiyar damina, a cikin turmi, a tsakar gidan da ta yi wa hidima. Daga Allah muke, gare shi za mu koma, mu da abin da ke hannunmu.

Mai dariya ya yi ta yanzu ya gama. An san ba a yi wa ƙarfe salla, ba a yi wa gilashi likkafani, kuma babu wanda ya ce a yi. An kuma san yawancin wayoyin zamanin nan ba su cancanci ko jaje ba. Sun raba yaro da gona, sun ƙona tuwo a gidaje da yawa, sun koya wa dattawa yin gulma da babban yatsa. Irin waɗannan in sun mutu hutu ne. Wannan dabam take, kuma za a faɗi dalili.

Marigayiya ba 'yar garin nan ba ce. Ta zo daga ramukan zinariya na Jado, a naɗe cikin safa, a hannun wani direba. Ta zo da tsagewa a kusurwa guda, da rairayi a ramin caji, alamar ta sha wuya a hannun wani kafin mu. Wanda ya aiko ta shi ne wan Mardiya, ɗan farin mahaifiyarsu Zara'u. Ba za a rubuta sunansa a nan ba tukuna, domin za a karanta wannan sanarwa a tsakar gida, mahaifiyarsa tana zaune, kuma kowa ya san uwa ta gari ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama inda ake kiransa.

Zara'u ta riƙe wannan kunya fiye da matan zamaninta. Da aka yaye yaron, kakarsa Iya ta ɗauke shi, ita kuwa uwar tun daga ranar ba ta ce da shi komai sai “ɗan Iya”. Da ƙyanda ta kwantar da shi, ta bayan zana take tsayawa tana sauraren numfashinsa, in ta ji tafiyar mutum ta wuce kamar itace ta zo ɗiba. Ranar da zai tafi arewa ya zo sallama ya same ta tana shiƙa. Ba ta ɗaga kai ba sai da ya juya. Abin da ta gani na ƙarshe ƙeyarsa ce da jaka a kafaɗa. Iya ta rasu bai zo ba. Malam Gambo ya rasu bai zo ba, sai waya ya aiko. In ya kira, aka miƙa wa Zara'u, sai ta ce, “Ki ce masa muna lafiya,” ta tashi ta ba wuri.

Wata rana Mardiya ta matsa masa ya dawo, ta ce idon Inna yana yin yana, kuma tana nemansa. Marigayiya mai murya ce, ba ta iya raɗa ba, ta faɗi amsarsa har bakin murhu: “Ki bar cewa tana nemana. Wadda ba ta taɓa kiran sunana ba, da wane baki za ta neme ni?” Zara'u tana tuƙa tuwo. Ta ci gaba da tuƙi har ya wuce nuna.

Maganar yaron wauta ce. Kunya ba ƙiyayya ba ce, kuma namiji da gemu ya kamata ya san haka. Amma wanda ya yi shekaru a ƙarƙashin ƙasa, hannunsa bai kama abin da ya je nema ba, yana da lokacin tunani da yawa, kuma ba duka tunanin ne mai kyau ba.

Yanzu ga aikin marigayiya. A cikinta akwai wani wasan bidiyo da mai ita na farko ya bari: birni na dutse, da namun dawa da Allah bai halitta ba, da wani saurayi mai jaka wanda ake kora da yatsa. Samari suna son wasan don kashe-kashe. Mardiya, wadda sana'arta ɗinki ce, ta dube shi da idon tela. Takan kora saurayin inda take so, ta ɗauki hoton tafiyarsa, ta yanka, ta haɗa wannan ƙyalle da wancan, ta cire yaren masu wasan da kiɗansu, ta ɗinka muryoyin Kona a kai. 'Yan lakol, wato 'yan boko, suna ce wa wannan montaj. Kukan jakin maƙwabta ya zama gurnanin dodo. Lugude ya zama gangar yaƙi. Sanda mai shayi, da muryarsa ta mai mura, ya zama saurayin. Labarin kuwa na wanda ya bar garinsu ne yana neman wata rijiya da aka ce akwai arziki a ƙasanta, kowane kashi yana ƙara nisa, rijiyar tana ƙara matsawa.

Saurayin nan yana da halaye biyu da ba Mardiya ta ba shi ba. Ba ya tafiya sai gudu, kuma ba a ganin fuskarsa, domin idon wasan kullum a bayansa yake. Mutanen gari suka sa masa Mai Ƙeya. Ranar da Zara'u ta fara leƙawa, ta kawo wayar daf da hancinta saboda idon, ta daɗe tana kallo.

“Shi wannan ba ya juyowa?”

“Haka aka yi shi, Inna.”

“Haka ne,” in ji Zara'u, ta miƙa wayar.

Labarin yana bukatar wanda aka bari a gida. Mardiya ta zagaye birnin kaf tana neman tsohuwa ba ta samu ba. Waɗanda suka gina wasan sun yi birni guda babu uwa ko ɗaya a cikinsa, shi ya sa kowa a ciki yake faɗa. Abin da ta samu shi ne mai gadin ƙofa, wani ƙato mai gemu da hular ƙarfe da mashi, wanda ba ya motsawa daga inda aka dasa shi, sai dai ya bi mai wucewa da kai. Ta zauna a gindin itacen bedi tana ƙoƙarin kumbura murya ta yi masa magana, tana cewa tsaya nan, ina za ka. Zara'u tana tsintar wake a gefe, ta ce, “Ba haka ake tambayar matafiyi ba.” Ta faɗi yadda ake yi. Mardiya ta danna wurin ɗaukar murya, ta matso da wayar. Uwar ta ga an matso da ita, ta yi kamar ba ta gani ba. Ai ba da ɗanta take magana ba, da mutumin cikin wasa take.

Daga nan aka san marigayiya. Duk wanda ya zauna kusa da ita yana tuna muryarta, mai ɗan karkarwa saboda rairayin da ke cikin lasifika, tana fitowa daga bakin ƙato mai mashi:

“Kai mai gudu, ka sa wani abu a cikinka kuwa?”

“Rana ta take. Ba a hana ka inuwa ba.”

“Takalminka ya cinye ta hagu. Na gani.”

“Ƙofar nan ba ta da makulli. Ni dai aka ajiye a bakinta.”

A teburin Sanda an yi dariya har shayi ya zube, wai ga barde da muryar tsohuwa. A shagon caji ma haka. Ba a daɗe ba dariyar ta ragu. Mata masu 'ya'ya a arewa suka fara zuwa da yamma, wai sun kawo ɗinki, ba ƙyalle a hannunsu, su ce Mardiya ta kunna musu wurin takalmin nan. Labarin ya bi waya zuwa waya, ya je Mayahi, ya je Cake, ya bi motocin arewa har ramukan da marigayiya ta fito.

Amsa ta zo. Marigayiya ta yi ɗan kukanta na shigowar saƙo, sannan ta yi magana da muryar namiji a gajiye, ta ɗan Iya: “Mardiya, na ga aikinki, Allah ya yi albarka. Mai gadin nan ya iya magana. Amma mai gadi kowa yake tambaya, aikinsa ke nan. Shi mai gudun, ba shi da suna ne?”

Mardiya ta kunna saƙon a tsakar gida, ta ɗaga murya, kamar kaji take kunna wa. Zara'u ta ci gaba da aikinta. Kwanaki suka wuce. Ran wata Juma'a, maza sun tafi masallaci, gida ya yi shiru, Zara'u ta tsaya a kan Mardiya da keken ɗinkinta ta ce, “Ba ni abin nan. Ina ake dannawa?” Aka nuna mata. Ta shiga ɗaki ta saki labule. Ba ta daɗe ba ta fito, ta miƙa wayar tana kallon wani wuri, ta ɗauki bokiti ta tafi rijiya, randa kuwa cike take.

Mardiya kaɗai ta ji abin da ke ciki. Ta ce sunan ne, da kalma biyu a bayansa. Ta ce uwar ta ɗan yi tuntuɓe a tsakiyar sunan, don ta riƙe shi fiye da shekara talatin harshenta bai taɓa gwada shi ba. Ta ajiye ɗinkin mutane ta zauna wa kashi na ƙarshe. Ta koro Mai Ƙeya baya, ta duk hanyar da ya bi, har ƙofar birni. Ta sha wahala kafin ta gano cewa in ta matse shi da bango, idon wasan ba ya samun wurin tsayawa a bayansa, dole ya zagayo gaba. A nan aka ga fuskarsa. Ba wata fuska ba ce, ta yaro ce da ya gaji. Ta ɗora sunan daidai lokacin da mai gadi yake juyo da kai.

Tun daga ranar Juma'ar nan Zara'u ta fara jin kunyar wayar kanta. In an ajiye ta a tabarma, ta koma wata tabarma. In ta yi kuka, ta fita. Ba ta ƙara ambatarta ba, Mardiya ma ba ta ƙara ambatarta a gabanta ba. A riƙe wannan, domin a nan ajali ya shigo.

Rashin lafiyar marigayiya gajere ne. Rezon unguwarmu, wato sabis ɗin waya, yana ɗaukar murya, ba ya ɗaukar bidiyo mai nauyi, sai an je Tasawa. Ranar kasuwa Mardiya ta hau kabu-kabu da wayar a ƙulle a bakin zane, za ta aika wa wanta kashi na ƙarshe. Hadari ya tare su a hanya, ruwa ya cika wani kwari, babur ya kwanta da su a ciki. Mutane sun tashi lafiya. Marigayiya ta tashi fuskarta tana kore tana baƙi, ta yi wani ƙara kamar tarin tsoho, ta yi shiru. Mai babur ya ce kada a kunna ta, a binne ta cikin busasshen hatsi ya tsotse ruwan, ya ga an yi haka ta tashi. Shawarar ba ta da laifi. Mardiya ta dawo gida ta cika ƙwarya da hatsi, ta tura wayar can ƙasa, ta rufe da faifai. Ɗakinta yana yoyo, na uwarta ba ya yi, yara kuma ba sa shiga. Ta kai ƙwaryar can ta ajiye a bayan ƙofa. Ba ta faɗa ba. Ta ce in ta faɗa, Inna ba za ta iya kwana ɗaki ɗaya da wayar ba.

Da safe Zara'u ta ga ƙwaryar hatsi a bayan ƙofa, ta ɗauka ɗiyarta ce ta auno mata na fura. Ido mai yana ba ya tantance abin da ke cikin ƙwarya. Ta juye a turmi, ta yayyafa ruwa, ta ɗaga taɓarya. Zara'u ba ta surfen wasa. Sautin marigayiya na ƙarshe ba murya ba ce, wani ƙaras ne da hatsi ba ya yi, kuma kafin hannu ya tsaya taɓarya ta sake sauka.

Ta sa hannu a turmin, gilashi ya yanke ta. Ta lalubo abin, ta gane shi da yatsu. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta kira maƙwabta ba.

“Mardiya, zo ki ga abin da na yi.”

Mardiya ta zo ta gani. Suka tsaya su biyu a kan turmi, jini yana ɗiga a hatsi.

“Saƙon ya tafi?” in ji uwar.

“Bai tafi ba, Inna.”

An kai gawar wurin mai gyara a Tasawa, ya zazzage ta a tafin hannu ya girgiza kai. An kai Maraɗi, na can ya duba da madubi ya ce wurin da take ajiye abubuwa ya rabe biyu, ko wanda ya ƙera ta ba zai tashe ta ba. Tsofaffin kashin labarin suna wayoyin mutane. Na ƙarshe ba ya ko'ina.

Maƙwabciyarsu Basira ta kawo tata wayar, ta ce ai abu ne mai sauƙi, a sake ɗauka. Zara'u ta ce, “Na faɗa. Bakina ba rediyo ba ne.” Ba a sake tambayarta ba, kuma kada wani mai zuwa ta'aziyya ya ce zai gwada nasa wayon. Wanda bai san abin da faɗa ɗayan nan ya ci mata ba, ya yi shiru.

Masu neman wanda za a ɗora wa laifi su huta. Mai babur ya faɗi abin da ya sani. Ɗiya ta ɓoye don ta raga wa uwarta. Uwa ta daka don ta ciyar da ɗiyarta. Turmi da taɓarya aikinsu suka yi, kuma sun koma bakin aiki. In akwai mai laifi, to shi ne wanda ya sa tsohuwa mai ciwon ido ta ari bakin ƙato mai mashi kafin ya yarda tana sonsa.

Marigayiya ta bar abin caji guda, mai ɗaurin leda a wuya, wanda har yanzu yake rataye a ƙusa. Ta bar abin saurare mai kunne ɗaya, da rigarta ta roba mai furanni wadda aka cire mata ranar ruwa, da safar da ta zo a ciki. Ta bar Sanda mai shayi ba aikin murya, yana yi wa masu sayen shayi maganar Mai Ƙeya ba wanda ya roƙe shi. Ta bar Mardiya, wadda ta koma kan keke, takan kai hannu bakin zane in ta ji jaki ya yi kuka mai kyau, sannan ta tuna. Ta bar Mai Ƙeya yana gudu a wayoyin Tasawa da Mayahi da arewa, ba wanda ya ga fuskarsa sai mace ɗaya. Ta bar mai gadi a bakin ƙofa yana juya kai. Ta kuma bar Zara'u, wadda likita ya ce yanar tana ƙaruwa. A yau, in mutum ya tsaya a bakin zaure da hasken safe, tana gane tsayinsa da faɗin kafaɗarsa. Abin da za ta gane bayan kaka, Allah ne masani.

Ga tsarin jana'iza. Ana karɓar gaisuwa a gidan marigayi Malam Gambo bayan la'asar, mata a ciki, maza a zaure. Kada a kawo sabuwar waya, ba ita ake nema ba. Kada a ce a ba kaji hatsin da ta rasu a ciki, akwai gilashi, an ƙulle shi tare da ita za a binne su wuri ɗaya, a gindin bedin da aka fara ɗaukar muryar mai gadi.

Ba a sa rana ba. A garin nan ba a kwana da gawa, ba a jiran na nesa, haka addini ya koyar kuma haka ya dace. Amma wannan gawar ba ta lalacewa, ita ce ta farko a gidan da za ta iya jira. Zara'u ta ƙulle ta a tsumma ta sa ƙarƙashin matashinta, ita da ba ta iya zama tabarma ɗaya da ita tana raye, ta ce ba mai haƙa ramin sai ɗan Iya. Ya yi shekaru yana haƙa a ƙasar wasu. Wannan ramin bai wuce taki ɗaya ba, ba a kuma bukatar ya fito da komai daga ciki. Ba a tambayarsa abin da ya samo. Duk wanda wannan sanarwa ta je hannunsa a Agadas ko Jado, ya karanta ta da ƙarfi a bakin rami.

An karanta wa Zara'u wannan takarda kafin a fitar da ita. Da aka zo nan aka dakata, aka ce mata saura layi ɗaya, kuma akwai suna a cikinsa, in tana so a goge, in tana so ta shiga ɗaki. Ba ta tashi ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, “Ni ban iya karatu ba. Abin da aka rubuta a bar shi.”

Isufu, jana'iza tana jiranka, hauyar ubanka tana jingine a bayan zaure.